Malam Silas da Doyar da Ba a Yabo

Rigimar farko da Silas ya yi a Orozo, wani ƙauye a gefen Abuja, da bakinsa ya jawo ta, kuma ya sha kaye, irin kayen da ko kare ya gani sai ya kawar da kai don kara.

Silas malamin gona ne, wato cikin ma'aikatan nan da gwamnati ke turawa ƙauye su nuna wa manomi abin da zai ƙara masa amfani. Dogo ne siriri, kamar an ja shi da igiya an manta ba a sake ba, ga maƙogwaro mai hawa da sauka tun magana ba ta fito ba. Ranar da ya kama aiki ya shigo a kan wani babur mai tarin tsohon mashayin taba, ya sha farar riga, ya rataya waya a wuya kamar laya. Yana cikin tafiya ya hango gonar doya, ganye ya yi shar ya nannaɗe sanduna. Ya taka birki, ya sauko, ya riƙe ƙugu, ya buɗe baki iya faɗinsa.

"Kai, kai, kai! Wannan ita ce doya! Duk Abuja ban ga mai kyanta ba!"

Ko tubarkalla bai ce ba. Ya nuna da yatsa, ya ɗaga waya, ƙyas, ya ɗauki hoto.

Sai ganye ya motsa, wani gajeren tsoho ya ɓullo da garma a kafaɗa. Baba Yamusa ke nan, shugaban manoman unguwar, mutumin da ke cin shinkafar Kirsimeti da naman Sallah duka, bai kuma yarda wani ya fi shi sanin Allah ko doya ba.

"Kai ɗan wa? Me doyana ya yi maka?"

"Baba, ai yabawa nake yi."

"Na ji da kunnena. Shi ya sa na ce me ya yi maka."

Silas ya gyara tsayuwa, maƙogwaro ya hau ya sauka, ya soma bayani cewa kambun baka camfi ne, abin da ke kashe doya ƙwaro ne da cuta. Kafin ya kai rabi mutane sun taru, don a Orozo ana barin tuwo a wuta a je kallon rigima.

Baba ya nuna can nesa da leɓe. "Ka ga gidajen can masu jan rufi? Gonan ƙanena ne. Wani mai farin riga kamar naka ya tsaya, ya ce gona ya yi kyau, ya ɗauka hoto. Kafin a cire gyaɗa katafila ya zo. Ka ce baki ba ya cin gona? Baki ya ci wancan har da itacen ɗorawa!"

Jama'a suka ce, "Haka ne!"

"In yabo na yi maka ƙaiƙayi," in ji Baba, "je ka yabi naka. Baki ba ya cin abin da mai shi ya haifa. Na mutane kuwa zagi ake yi, shi ne ladabi. Oya, mayar da magananka."

Silas ya duba gabas ya duba yamma, babu mai ceto. Ya ce a hankali, "Doyar nan ba ta da kyau."

"Ƙara."

"Ta rame."

"Ƙara, da ƙarfi, ya ji!"

"Ta yi kama da ƙafar kaza mai mura!"

"Yauwa. Yanzu ka fara zama mutum."

Aka sa shi ya goge hoton a gaban shaidu. Babur kuma ya ƙi tashi, ya tura shi har cikin gari ana biye da shi ana dariya. Haka gwamnati ta shigo Orozo, a ƙafa, tana gumi.

To, kada a ɗauka Silas sakarai ne. Ɗan manomin doya ne daga wajen Kwali. Ya tashi yana kallon ubansa duk shekara yana ware doya mafi kyau, mai yawan gaske, a ce wannan iri ce, ba a taɓawa, yara na haɗiyar yawu ana mayar da abinci cikin ƙasa. Abin ya tsaya masa a rai har ya je ya karanci noma. Da ya gama aka ajiye shi a wani ofis cikin birni, shekara da shekaru yana gadin fanka, shi da wasu malaman gona masu tumbi waɗanda rabonsu da taka laka tun suna firamare. Aikinsu shirya taron bita a otal a Utako, a kira manoman da ba su da gona, a ci fanke da nama, a tafa, a watse. Ya yi ta roƙon shugabansa, Oga Albert, ya tura shi inda ake noma, har Oga ya gaji ya ce ya tafi Orozo ya huta da naci.

Dabara ɗaya ya zo da ita, kuma mai kyau ce. Maimakon a binne doya guda ko rabi, sai a yayyanka ta ƙanana kamar ƙwan kaza, kowane yanki da bayansa, a tsoma a ruwan magani, a shanya a inuwa, a shuka kusa da kusa. Ƙarshen damina kowane yanki ya ba da 'yar doya cikakkiya, ita ce irin baɗi. Manyan kuwa a ci, a sayar, a kai wa surukai.

A makaranta an koya masa cewa gani ya kori ji. Don haka ya ari wani fili a bakin hanya wurin Rekiya mai masa, wata bazawara da harshenta ya fi kaskonta zafi. Ya yi gonar gwaji, ya kafa ƙaton allo mai tambarin gwamnati, ya zauna jiran masu kallo.

Wayyo, Silas! A ƙasar da ido ba ya shiga gonar wani ka kafa abin kallo? Kuma da allo? A Abuja in aka ga allon gwamnati a gona ai ba a tambaya, an san an raba wa manya. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Damina guda cur mutanen Orozo suna wucewa ta gaban gonar nan kowa ya karkatar da wuya yana nazarin bolar da ke ɗaya gefen. Masu keke har faɗawa kwata suke yi. Mata da kaya a kafaɗa su juya baya su wuce a kaikaice kamar ƙaguwa. Silas ya tsaya yana kira, "Ku duba mana! Kyauta ne!" Su ce, "Sannu da aiki, Malam," idonsu na kan bola.

Ya kira taro a gindin mangwaro, awaki suka fi mutane. Ofis ya turo saƙonni ta waya da Turanci, manoma suka ɗauka 'yan damfara ne suka goge. Kaka ta yi, ya tone 'yan doyarsa shi kaɗai, kyawawa sumul, ya rasa wanda zai nuna wa sai Rekiya, ita kuma ta ce kada ya saka ta a uku.

Sai Oga Albert ya kira shi. Oga mutum ne mai ƙiba mai son turare, takalminsa har fuska ake gani a ciki.

"Silas, mai fren, ina manoman? Damina ɗaya na ƙara maka. Zan zo da kaina lokacin tono. In ban ga manomi ko ɗaya da ya ɗauki dabarar nan ba, mun rufe Orozo, ka dawo kujerarka. Fankarka na nan tana kewarka."

Silas ya dawo Orozo. Yana isowa ya tarar babu allo. Ya bi sawu har bayan rumfar Rekiya, ya same shi an yi wa akurkin kaji rufi da shi, tambarin gwamnati na kallon sama, zakara a kai.

"Mama Rekiya! Kayan gwamnati ne fa!"

"To gwamnati ta yi amfani yau, kajina sun daina jiƙewa. Kai ɗan nan, tun da ka kafa abin nan ake cewa na sayar da filin marayu. Masu sayen masata sun ragu. Zauna, ka tsaya mini a kai kamar turken lantarki."

Ya zauna ya zayyana mata komai. Ta juya masa a kasko, ta harare shi.

"Duk karatun nan ba a gaya muku yaushe mutum ke shiga gonar wani ba? Ranar gayya mana! Ranar da aka taru a taya mutum aiki. Ran nan ido halal ne, ka kalla har ka ƙoshi, in dai za ka kushe. Kuma ran nan mai gona ne sarki. Ko mahaukaci ne, ya ce a shuka dutse, dutse za a shuka, a ci tuwonsa a tafi."

Silas ya miƙe zumbur. "Gobe zan kira gayya!"

"Zauna, uban gaggawa. Wa ka taɓa taya? Gayya biki ce, wanda ya je na mutane shi ake zuwa nasa. Nuna mini hannunka." Ya miƙa. Ta juya shi kamar tana tayin kifi. "Tabɗi. Wannan ko amarya ta samu ta gode Allah."

Da ruwan farko ya sauka aka buga gangar gayya a gonar wani, sai ga Malam Silas da gajeren wando da aron garma, ƙafafu kamar sandunan rake. Makaɗi ya gan shi ya kasa kiɗa don dariya. Aka ja layi ana tada kunyar doya, maza na gaba ƙasa na tashi, Silas na baya yana kokawa da garma, ba a san wa ke riƙe da wani ba. Kunyar da ya tada, Baba Yamusa ya zagaya ta ya ce a bar ta, kabarin ɓera ne, a yi masa addu'a. Kafin rana ta take an raɗa masa suna Garma-ta-fi-ka. Da aka sauke abinci, masu kunu suka ja gefe, masu burkutu suka ja nasu gefen, shi kuwa ya kwanta tsakiya rigingine yana kiran sunan uwarsa.

Amma washegari ya koma. Ya je gayyar wane, ya je ta wance, ya je ta coci, ya je ta liman. Hannu ya yi kanta, ɗan manomin da ke cikinsa ya farka daga barcin fanka. Kuma ga abin da bai zata ba: gonakin da aka hana shi leƙe, yanzu yana tsakiyarsu. Ya ga inda ƙwaro ke ci, ya ga inda aka zuba taki a kan ganye ya ƙone. Ya kuma gane cewa shawara a Orozo ba ta shiga sai an naɗe ta da tsiya. In ya ce, "Don Allah ku riƙa binne taki," babu mai ji. Amma in ya ce, "Kai, wane ragon ne ya watsa taki a sama kamar yana ciyar da tsuntsaye? Ko tona rami ma sai an yi maka gayya?" sai a kwashe da dariya, mai gona ya rama, mako na zagayowa ka ga an binne. Mutumin da ya zo da ladabin makaranta ya zama gwanin zagi. Har Rekiya ta fara jin tsoron bakinsa, ita da ta yaye shi.

Da ruwa ya zauna Silas ya kira tasa gayyar, aka zo har da waɗanda bai gayyata ba. Uwarsa ta aiko da dawa daga Kwali, Rekiya ta tuƙa tuwo da miyar karkashi. Ya shimfiɗa buhuna a inuwa, ya zube 'yan doya, ya raba wuƙaƙe.

"Yau yanka za mu fara. Kamar ƙwan kaza, kowanne da bayansa."

Baba Yamusa ya ɗaga yanki ɗaya da yatsa biyu. "Garma-ta-fi-ka, gayya ka kira ko suyan doya? Ina yaji?"

"Baba, gonar wa?"

Tsoho ya yi ƙwafa. "Naka."

"To a yanka."

Suka yanka suna zagi, suka tsoma a magani suna zagi, suka shanya na gobe, suka ɗauki wanda ya shanya jiya suka shuka suna zagi. Makaɗi ya yi waƙa a kan malamin da ke binne loma. Ba a taɓa zagin gona irin na ran nan ba, ba a kuma taɓa ganin mai gona yana washe baki haka ba. Da lokacin noman farko ya yi ya sake kiran su, suka tarar lomar nan ta tsiro reras, layi bayan layi. Kowa ya tsaya yana ƙirgawa da ido. Can Baba ya ce, "Ganyen banza," amma muryarsa ba ta fita sosai ba.

Daga nan abubuwa suka fara faruwa a ɓoye. Maganin tsomawa ya ƙare a shagon garin Karshi da ke kusa. Silas in ya je gayya sai ya hango wani lungu bayan dawa, an yi shuka kusa da kusa, mai gona na tsaye yana kare wurin da jikinsa. Shi kuma ya karkatar da wuya ya yi nazarin gajimare. Ya zama ɗan gari.

Ranar da Oga Albert ya zo, cikin mota mai sanyi, da takalmin nan na madubi, nan Silas ya gane ya haƙa wa kansa rami. Oga ya ce a kai shi ya ga gonaki. Wa zai nuna wa mai tumbi da motar gwamnati gonarsa? Duk wanda aka tambaya sai ya ce shi bai san zancen ba, shi ko doya ma bai cika ci ba. Oga ya fara duba agogo.

"Silas, na ce manomi ɗaya. Ɗaya tak."

"Oga, akwai. Amma ba a shiga sai da wannan." Ya miƙa masa garma.

"Ar yu siriyos?"

"Yau gayyar tono a gonar shugaban manoma. In kun riƙe, za ku gani. Sharaɗi ɗaya, Oga, kome kuka gani kada ku ce ya yi kyau."

A yaba wa Oga Albert, ya naɗe wando. Sara uku ya yi turare ya gudu ya bar shi, takalmi ɗaya ya maƙale a laka, mata suka yi guɗa. Aka yi ta tono har aka kai lungun bayan dawa. Baba Yamusa ya ce a tsaya nan, wurin akwai maciji. Amma 'yan gayya sun riga sun kafa garma. Sai ga su suna fitowa, 'yan doya cikakku, dunƙule-dunƙule, tuli guda, irin da zai shuka gonar Baba har ya ba maƙwabta.

Oga ya share gumi, yana haki. "Baba, wannan ai ita ce. Malamin nan ne ya koya muku?"

Kowa ya juya. Maƙogwaron Silas ya hau ya ƙi saukowa. Baba ya dubi tulin, ya dubi jama'arsa, girman kai ya taso masa har wuya.

"Wane malami? Wannan na kakana ne. Tun kafin a haifi Abuja muke yi. Ni idona bai taɓa shiga gonan yaron nan ba."

Oga ya kaɗa kai ya fara neman takalminsa. Silas ya ji iskar fanka a ƙeyarsa. Rekiya ta dafe kai da ludayi a hannu.

Sai Silas ya tako gaban tulin a hankali. Ya riƙe ƙugu, ya ciro waya, ya cika ƙirji da iska, daidai yadda ya yi ranar farko.

"Kai, me za ka yi?" in ji Baba.

"Yabo, Baba. Ya daɗe yana mini ƙaiƙayi. Ku kuka ce baki ba ya cin abin da mai shi ya haifa. In dabarata ce, ko na kwana ina yabo ba abin da zai same ta. In kuwa ta kakanku ce, to kun dai san bakina. Kai, kai, kai! Wannan ita ce..."

Tsoho ya yi wani tsalle da rabonsa da shi tun yana saurayi, ya toshe masa baki da tafin hannu mai laka.

"Naka ne! Naka ne, ɗan banza! Kai ka haifa! Oga, shi ya koya, ni da duk waɗannan munafukan, kowa na da nashi a bayan dawa!"

Gona ta kaure. Wannan na nuna wancan, wancan na tona asirin surukinsa, makaɗi ya saki ganga. Oga Albert ya zauna daɓas a kan kunya yana dariya har da hawaye, ƙafa ɗaya ba takalmi. Da ya samu numfashi ya ce Orozo ba za a rufe ba, kuma zai turo sauran masu gadin fanka su zo su karɓi garma. Silas yana can har yau, ya ƙara baƙi, bai ƙara ƙiba ba, babur ɗin ma yana nan da tarinsa.

Amma Baba Yamusa ba ya barin fage haka nan. Ya goge hannu a wando, ya shuri tulin da ɗan yatsan ƙafa, ya ɗaga murya don kowa ya ji.

"Ko da naka ne, kar ka yi ta fankama. Ban taɓa ganin doya mummuna kamar wannan ba. Ƙanana, baƙaƙe, kamar mai shi. Kai da shi duk ba ku da amfani."

Silas ya tofar da laka, ya cire hula, ya rusuna har ƙasa.

"Baba, a hankali da yabon nan, kada bakinku ya cinye ni."